Shekarata ta farko da ƙodar ƙanena

A Kano aka yi min dashen ƙoda a ƙarshen shekarar 2022, bayan na gaji da kwanciya a gadon wankin ƙoda a nan Garwa. Lokacin sefa 5,000 muke biya duk zama, kafin gwamnati ta kawo tsarin lafiya na 2023 da ya mayar da kuɗin wankin 15,000 a shekara. An fara dashe a Babban Asibitin Yawunde tun ƙarshen 2021, amma abin sabo ne a lokacin, mu kuma muna da dangi a Kano, inda ake wannan aiki tun 2002. Ga shi kuma can likita zai yi min bayani da Hausa, ba sai na nemi mai fassara min Faransancin asibiti ba.

Masu zuwa neman shawara wurina yawanci tiyatar suke tambaya. Tiyatar ba ta da dogon labari: an sa ni barci, na farka da ɗinki a gefen dama na marata, robar fitsari tana cika, ma'aikatan jinya suna murna da fitsarin nan fiye da ni. Abin da ya cinye min shekara guda, da kuɗin da ban taɓa lissafawa ba, shi ne waɗansu ƙwayoyin cutar bairos da tun ina yaro suke zaune a jikina ban sani ba.

Tun wajen gwaje-gwajen farko suka fara nuna kansu. Ƙanwata ce ta fara cewa za ta ba ni ƙoda. Mace ce mai ƙarfi, uwar yara, ba ta taɓa kwanciya asibiti ba in ba haihuwa ba. Gwaji ya nuna tana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Arewacin Kamaru na cikin wuraren da wannan cuta ta yi yawa, kuma rigakafinta sai a 2005 ya shiga jerin allurar jarirai a ƙasar nan, mu kuwa duk an haife mu kafin nan. Aka cire ta, ta yi kuka har idonta ya kumbura, ƙanena ya ce, "Yaya, ai ni ma ina nan." Nawa gwajin ya nuna na taɓa haɗuwa da cutar hantar, jikina ya ci ƙarfinta, amma ragowarta na nan kwance a hanta, don haka aka rubuta a katina cewa a riƙa duba hanta lokaci-lokaci.

A takardar ƙanena da tawa na ga sunayen ƙwayoyin bairos biyu a jere, CMV da EBV, kowanne an rubuta akwai. Gabana ya faɗi.

"Likita, ke nan shi ma ba zai iya ba ni ba?"

Ta yi dariya. "Malam, da za mu kori duk mai CMV da ba mu yi dashe ko ɗaya a ƙasar nan ba. A cikin manya goma a yankinmu da wuya ka sami ɗaya da ba shi da ita."

Ta ce tun muna rarrafe muke ɗauka, ta nono, ta yawu, ta fitsarin yara 'yan'uwanmu. Danginsu ɗaya da ƙarambau. In suka shiga jiki sun shiga ke nan har mutuwa: garkuwar jiki ba ta iya fitar da su, sai dai ta danne su. Sai ta kawo misalin da har yau shi nake ba mutane. Garkuwar jikinka maigadi ne da ba ya ƙaunar baƙo, ƙodar ƙanenka kuma baƙuwa ce, dole mu ba maigadin abin da zai sa shi gyangyaɗi. To amma akwai ɓarayin da ya daɗe da kullewa a ɗakin baya, su ma gyangyaɗin nasa suke jira.

Aka sallame ni da leda cike da magani. Takrolimus ƙarfe 8 na safe da ƙarfe 8 na dare, ba a gaba ba a baya. CellCept da firedinisolon, su uku ke nan masu danne garkuwa don kada jiki ya ƙi ƙodar. Sai biyu masu tsare ni daga abin da dannewar za ta jawo: Septrin, wanda a farmasinmu na nan Bactrim za ka ce kafin a gane ka, da Valcyte na CMV, na wata uku.

Da muka dawo gida, Hajiya ta kafa kujera a zaure ta zama mai tace masu dubiya. Ka san halinmu, mutum ya dawo daga tiyata a wata ƙasa, unguwa kaf sai ta zo. Mai tari ya tsaya a waje, mai jariri ya yi gaisuwa daga nesa, ni kuma ina ciki da takunkumi a baki. Wasu sun ji haushi, har aka ce mun zama Turawa. Tsaron yana da amfani, ba na raina shi, mura kawai kan kwantar da mai dashe. Sai dai duk hankalinmu ya tafi kan ƙofa, alhali abin da ya kayar da ni bai biyo ta ƙofa ba.

Valcyte ya ƙare a watan Janairu. Wajen tsakiyar Maris, ana shirin kama azumin 2023, zafin Garwa ya haura digiri 40, sai na fara jin wata irin kasala, wadda ko tashi alwala sai na yi shawara da kaina. Da yamma jiki ya yi zafi, da safe ya sauka. A garin nan zazzaɓi sunansa ɗaya, don haka aka yi gwajin maleriya, bai nuna komai ba. Aka sake, haka. Wani ya ce taifod ce. Sannan gudawa ta zo. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji ne, Allah ya saka masa, ya nuna min layi ɗaya a takardar ƙidayar jini ya ce fararen ƙwayoyin jinina sun yi ƙasa sosai, in aika wa likitata yanzu-yanzu.

Na tura mata ta WhatsApp. A nan akwai wani abu da duk mai magani tsakanin ƙasashen nan biyu ya kamata ya sani. Awon kiriyatinin, wanda shi ke nuna aikin ƙoda, ɗakunan gwajinmu suna rubuta shi da ma'aunin Faransa, miligiram a lita, can Najeriya kuma da wani ma'auni daban. Abin da takardarmu ta kira 16, su a wurinsu kusan 141 ne, sai ka ninka da 8.84. Shi ya sa likitata ba ta karɓar lamba a rubuce, hoton takardar take so, da ma'aunin a jiki.

Ta kira ni da kanta. Ta ce abu biyu take so: a auna yawan takrolimus a jini, a kuma yi gwajin PCR, mai neman ƙwayar CMV kanta a jini. Na ce mata ai da gudawar nan ina ganin maganin ma ba ya zama a cikina, ko in ƙara? Ta ce kul. Ashe gudawa ƙara yawan takrolimus take yi a jini, ba ragewa ba. Bangon hanji mai lafiya yana lalata wani kaso na maganin kafin ya shiga jini, in hanji ya yi rauni sai ya bar shi ya wuce gaba ɗaya. Takrolimus kuwa in ya yi yawa shi kansa yana matse ƙoda, ya kuma ƙara danne garkuwar da ta riga ta kwanta.

Gwajin ba a yi shi a Garwa ba, Yawunde aka aika. Ana ɗibar jinin da sassafe kafin ka sha maganin safe, in ba haka ba awon takrolimus ya tashi a banza. A zuba a kwalba mai shunayyar hula, a juya wadda za a yi PCR a inji a tsame ruwan jinin, a jera su cikin kula da ƙanƙara. In an dace da ranar jirgi to, in ba a dace ba kular ta bi mota zuwa Ngaundere, ta kwana a jirgin ƙasa, gari ya waye mata a Yawunde. Ƙanena ne ya riƙa raka ta tasha, ya ba direba amana, ya kira wanda zai tarba. Kai kuma kana gida kana jira, zazzaɓi bai san ana jiran sakamako ba.

CMV ce. Aka mayar da ni kan Valcyte, wannan karon sau biyu a rana, aka kuma rage CellCept da rabi. Ƙwayar miligiram 450 ce, yawan da za ka sha kuma ya danganta da ƙarfin ƙodarka, don ta ƙoda maganin ke fita. Samfurin Indiya muka riƙa saya a Kano, a ba direba ya kawo ta Yola, don na asalin ya fi ƙarfin aljihuna. Maganin yana da nasa sharrin, shi ma yana karya fararen ƙwayoyin jini, ga CMV tana karyawa, ga CellCept yana karyawa, don haka ƙidayar jini ta zama ta mako-mako. Likita ta kuma ce min, cikin kunya irin ta Hausawa, a kiyaye kada uwargida ta sami ciki ina kan wannan magani har sai na yi wata uku da dainawa, don yana iya taɓa ɗan tayi. Ba wanda ya taɓa gaya min irin wannan a kan magani, na daɗe ina neman bakin da zan faɗa wa matar da shi.

Da na koma Kano dubawa na sami sarari na tambaye ta, me ya sa wannan cuta da kowa ke da ita ta zame min haka. Bayanin da ta yi shi ya canza yadda nake kallon magungunana. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T, su ne masu gane abin da ba na jiki ba, su tuna shi, su kai masa hari. Su takrolimus yake dannewa, don su ne masu ƙin ƙoda. To a jikin mai lafiya da ke ɗauke da CMV, kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin T masu tuna cuta ba su da wani aiki sai tsaron CMV kaɗai. A tsofaffi kason kan fi haka. Shekara da shekaru suna wannan tsaro, har su tsufa su rasa kuzarin fuskantar sabon abu. Wato tun kafin a yi maka dashe cutar ta riga ta sake fasalin garkuwarka, ta ɗaure wani babban ɓangare nata a wuri ɗaya. Ita kuma CMV tana da dabara: in ta shiga ƙwayar halitta sai ta ɓoye alamomin da ke saman ƙwayar, waɗanda da su ne ƙwayoyin T ke gane cewa akwai ɓarna a ciki.

In ta farka ba ta tsayawa a zazzaɓi da gudawa. Tana ƙara raunana garkuwa da kanta, sai wasu cututtukan su sami hanya. Tana kuma hura kumburi a jijiyoyin jinin sabuwar ƙoda, kumburin ya jawo hankalin garkuwa zuwa wurin, haɗarin ƙin ƙoda ya ƙaru. In aka ba ka magani mai ƙarfi don hana ƙin, shi kuma ya sake tayar da CMV. Ta ce ni ma da sauƙi, tunda jikina ya san cutar tun da, yana da ƙwayoyin da aka horar a kanta. Wanda ya fi shiga uku shi ne wanda bai taɓa haɗuwa da ita ba aka sa masa ƙodar mai ita. Irinsa wata shida ake riƙe shi a kan Valcyte.

Ba a daina maganin don ka ji sauƙi, sai PCR ya nuna ba a ganin cutar a jini. Ƙa'ida a riƙa gwadawa duk mako. Mu dai mun yi iya abin da aljihu ya bari, likita ta zaɓi makonnin da suka fi muhimmanci. Bayan ƙaramar salla aka ce ta kwanta. A hankali aka mayar da CellCept yadda yake, na fara zuwa shago, kumatuna suka dawo.

Ta biyun ba ta yi sallama ba. Ba zazzaɓi, ba ciwo, ina cin tuwona ina barci lafiya. Cikin gwajin da ake yi wa kowane mai dashen ƙoda, duk wata a farko, daga baya duk wata uku, aka ga wata bairos mai suna BK a jinina. Ita wannan ba dangin CMV ba ce. A Ingila aka gano ta a 1971, a fitsarin wani ɗan Sudan da aka yi wa dashen ƙoda, haruffan sunansa ne aka laƙa mata. Ita ma tun yarinta ake ɗauka, ta kwanta a ƙoda da hanyar fitsari. A mai lafiya ba ta komai. A mai dashe sai ta fara hayayyafa cikin ƙananan bututun ƙodar, ta fito a fitsari, sannan a jini. In ƙidayarta ta haura 10,000 a kowace mililita ta ruwan jini, ana ɗauka ta fara cin ƙodar ke nan. Tawa ta haura, kiriyatinin kuma ya fara hawa a hankali.

Nan ne na fi shiga ruɗani a duk shekarar. Kiriyatinin mai hawa yana iya zama BK ce ke cin ƙoda, yana iya zama jiki ne ke ƙin ta. A takarda kamanninsu ɗaya, amma maganinsu kishiyoyi ne: in ƙi ne a ƙara danne garkuwa, in BK ce a sassauta. Ka yi kuskuren zaɓi, ka taimaki abin da ke kashe ƙodar. Don haka aka kira ni Kano a ɗebo ɗan tsokar ƙodar a duba. Tunda sabuwar ƙoda a mara take, kusa da fata, ba ta da wuyar kaiwa. An kashe wurin da allura, likita na kallon talabijin ɗin hoton ciki, ta ce in riƙe numfashi, na ji ƙas kamar an ɗana tarko, aka fito da wani abu siriri kamar zare. Sai kwanciya rigingine na sa'o'i ana duba fitsari ko da jini.

Sakamako ya ce BK ce, babu alamar ƙi. Na ce alhamdulillahi, to a rubuto maganinta.

"Malam, ba ta da magani."

Na ɗauka wasa take. Ta ce an gwada magunguna iri-iri ba wanda ya tabbata. Abu ɗaya ne ke korar BK, garkuwar jikinka. Don haka za a tsayar da CellCept gaba ɗaya, a kuma sauke awon takrolimus da ake nema a jini. Ka tuna wata da watanni ana yi min huɗuba cewa in na tsallake ƙwaya ɗaya ƙodar ƙanena za ta tafi. Yanzu likitar da ta yi min huɗubar ita ce ke cewa in ajiye magani guda cur. Ran da na cire CellCept daga akwatin maganina hannuna rawa yake. Ƙanena da ya ji sai ya ce, "Yaya, ni dai na bayar, tsakaninka da Allah da likita," amma na ga ya rage cin abinci a makon nan.

Ƙidayar ba ta faɗi nan take ba. Watanni ta ɗauka tana sauka, wani gwajin ta yi ƙasa, wani ta tsaya cik. Wasu lokuta daga Yawunde ma sai an wuce da jinin Faransa, jiran ya ƙara tsawo. A gefe kuma ana sa ido kada sassautawar ta sa jiki ya fara ƙera makaman yaƙar ƙodar. A lokacin na fahimci cewa likitata ba ta kallon lambar BK a matsayin cuta kawai. Ba wani gwaji guda da ke gaya maka kai tsaye nawa aka danne garkuwar mutum. Awon takrolimus yawan magani yake nunawa, ba abin da maganin ya yi wa jikinka ba, mutum biyu na iya samun lamba ɗaya, ɗaya garkuwarsa ta kwanta warwas, ɗaya tana nan daram. Farkawar waɗannan tsofaffin cututtuka ita ke sanar da likita cewa dannewar ta wuce kima ga wannan mutum. Ni adadin da ke daidai a littafi ya yi min yawa, CMV ta faɗa sau ɗaya, BK ta maimaita.

Shi ya sa nake jin takaici in wani ya zo min da ƙullin sassaƙe ko wata kwalba daga kasuwa wai tana ƙara garkuwar jiki. Da kyakkyawar niyya suke kawowa, gwaggona har da hawaye. In maganin ƙarya ne, na sha abin da zai wahalar da ƙoda ɗaya tilo. In kuma gaskiya ne yana tayar da garkuwa, to ƙodar zai fara tayar wa. Wasu ganyayen kuma canza yawan takrolimus suke a jini ba ka sani ba. Nakan karɓa in yi godiya, in ba Hajiya ta san inda za ta kai.

Sauran ba su farka ba, amma ana gadinsu. EBV, wadda aka gano a 1964 a ciwon dajin da ke kumbura haɓar yara a gabashin Afirka, tana kwance ne a wasu fararen ƙwayoyin jinin, in garkuwa ta yi sanyi ƙwarai takan tura su hayayyafa har ya zama ciwon daji. Don haka duk zuwa sai likita ta lalube wuyana da hammata da matsematsi tana neman kaluluwa. Tana kuma sa ni in naɗe wando ta duba ƙafafuna da dasashina, tana neman baƙin tabo mai ɗan tudu na ciwon Kaposi, wanda wata bairos ɗin ce ke kawo shi, kuma ta fi yawa a ƙasashenmu fiye da Turai. An gaya min in na ga ƙuraje masu raɗaɗi sun jeru a gefe ɗaya na jiki kada in kwana ban kira ba, tsohon ƙarambau ne ya dawo. Rigakafin zazzaɓin shawara kuwa, wanda ake tambayar katinsa a kan iyaka da wajen shirin aikin hajji, an hana ni sake yi, don rayayyar cuta ce aka raunana, jikina ba zai iya riƙe ta ba. Takardar likita nake yawo da ita a madadinsa.

Yanzu BK ba ta fitowa a jini. Ba a mayar da ni kan tsohon adadin CellCept ba, kaɗan ake ba ni. Kiriyatinin bai koma inda yake a watannin farko ba, likita ta ce inda cutar ta ci ya zama tabo, tabo kuma ba ya komawa tsoka, amma lambar ta tsaya wuri ɗaya, ita kuma tsayuwar take so. Ƙanwata tana zuwa nata dubawar hanta, an gwada mijinta da yaranta, waɗanda ba su da kariya an yi musu allura. Gwajina na gaba duk wata uku ne, kuma na koyi tambayar ranar tashin jirgin Yawunde kafin in je a ɗebi jini.